Takardun Bango Da Suka Tsira Daga Yaƙi

 Yau za mu leƙa wata sha'awa da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba, wato tara fastocin zamanin yaƙi na asali, irin waɗanda gwamnatoci suka riƙa liƙawa a bango lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu don ƙarfafa wa jama'arsu gwiwa. A Turai da Amurka akwai masu zuba dubban daloli a kan takarda guda. Akwai kuma masu zuba kuɗin su tashi da jabu. Ku gyara zama.

A shekarar 1914 babu talabijin, rediyo ma bai shiga gidaje ba tukuna. In gwamnati tana son magana da talakanta kai tsaye, bango take nufa: bangon tashar jirgin ƙasa, na gidan waya, na masana'anta. Saƙon bai wuce 'yan abubuwa ba. Ku shiga soja. Ku ranta wa gwamnati kuɗin yaƙi. Ku yi tsimin abinci. Ku kame bakinku, don ɗan leƙen asiri na iya zama kusa. A kan takarda mafi araha ake buga su, don ba a yi su domin su daɗe ba. Ku tuna yadda fastocin 'yan siyasa ke cika gari kafin zaɓe, bayan wata biyu rana ta kodar da su, ruwa ya jiƙa, mai ƙosai ta naɗe ƙosanta da sauran. Haka aka yi da miliyoyin fastocin yaƙi. Saboda haka abin da mai tarawa ke biya a yau, kuɗin tsira ne. Takardar da aka yi don a jefar, ga ta bayan shekara 80 ko 100 tana nan.

Mu fara da wadda ta fi kowace suna a yau. Jar takarda ce, da kambin sarauta a sama, da farin rubutun Turanci mai cewa Keep Calm and Carry On, wato a kwantar da hankali a ci gaba da harkoki. Kun sha ganinta a riguna da kofunan shayi. Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Birtaniya ce ta shirya ta a 1939, dab da ɓarkewar yaƙin Hitila, aka buga kwafi kusan miliyan 2 da rabi. Abin mamaki shi ne, mutanen Ingila na lokacin kusan ba su gan ta ba. Ajiye ta aka yi don ranar da bama-bamai za su yi tsanani. Tana da 'yan'uwa biyu da aka liƙa a ko'ina tun farkon yaƙi, amma jama'a ba su karɓe su da daɗi ba, suka ji kamar manya ne ke yi musu huɗuba daga sama. Da takarda ta yi ƙaranci a 1940, sai aka kwashe akasarin waɗanda aka ajiye aka narke su don a sake yin sabuwar takarda.

Shiru kake ji har shekara 60. A 2000 wani mai sayar da tsofaffin littattafai, Stuart Manley, ya sayi akwatin littattafai a gwanjo, ya tarar da kwafi ɗaya a ninke a ƙasan akwatin. Shagonsa, Barter Books, yana cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin Alnwick a arewacin Ingila. Shi da maiɗakinsa Mary suka sa ta a firam suka rataye, masu shigowa suka yi ta tambaya, suka fara buga musu kwafi. Daga nan ta bazu duniya. A 2012 kuma wata mata ta kai kusan guda 15 na asali wani shirin talabijin na BBC da ake kimanta kayan da, waɗanda ta gada daga mahaifinta. Ta asali tana kai dubban fam a gwanjo. Wadda ake bugawa yau kuwa, kuɗin takarda da tawada ne kawai.

Irin wannan labarin ne da matar nan ta Amurka mai jan ɗankwali mai ɗigo-ɗigo, wadda ta naɗe hannun riga tana nuna ƙwanji. Mutane da yawa sun ɗauka ita ce ta jawo matan Amurka zuwa masana'antu. Ba haka ba ne. Wani mai zane, J. Howard Miller, ya yi wa kamfanin Westinghouse ita, ɗaya daga cikin fastoci sama da 40 da ya zana musu, kuma a cikin masana'antun kamfanin kaɗai aka rataye ta. In ka samu hoton ta asali, kada ka tsaya kallon fuskar matar, gangara ƙasa. A gefen ƙasa akwai ƙaramin rubutu da ke umartar a liƙa ta daga 15 zuwa 28 ga Fabrairu. Mako biyu ke nan a 1943, aka cire, aka sa wata. Sai a farkon shekarun 1980 aka tono ta ta yi suna. Na asali da suka rage 'yan kaɗan ne, ciki har da wadda ke Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Amurka da wadda ke gidan tarihin Smithsonian a Washington. Don haka duk wanda ya tallata maka ita a intanet a kan dala 50 ya ce ta asali ce, ka san araha ba ta ado.

Kun ga ke nan sunan da fasta ta yi a yau daban, aikin da ta yi a lokacin yaƙi daban. Hatta hoton Lord Kitchener, ministan yaƙin Birtaniya, mai gashin baki yana nuna mai kallo da yatsa, wanda Alfred Leete ya zana, a bangon mujallar London Opinion ya fara fitowa a Satumban 1914, kuma ba hukumar ɗaukar soja ta majalisa ce ta buga shi ba. Kwafinsa na asali ba su da yawa. Amma kwaikwayonsa da James Montgomery Flagg ya yi a Amurka, dattijon nan mai doguwar hula da farin gemu, an buga shi sama da miliyan 4 tsakanin 1917 da 1918. Shi ya sa har gobe yana fitowa a gwanjo, ko da yake da tsada.

Wani abin da ke sa fasta ta yi wuyar samu shi ne hukuma ta janye ta. Abram Games, wanda ya zana wa sojan Birtaniya fastoci kusan 100, sau da dama hakan ta same shi. A 1941 ya zana fuskar wata mace don jawo mata su shiga rundunar taimakon soja, aka yi ƙorafi har a majalisa cewa kwalliyarta ta yi yawa, aka janye. A wata kuma ya zana sabon asibitin unguwar Finsbury a gaba, a bayansa wani yaro mai ciwon ƙashi yana wasa cikin kango, don ya nuna wa soja ƙasar da za a gina bayan yaƙi. Firaminista Churchill bai ji daɗin a nuna talaucin Ingila haka ba, ita ma aka janye. A ganina waɗannan su ne fastocin da suka fi cancantar a nema, domin suna nuna abin da gwamnati ta ji kunyar a gani.

To, in ana maganar "na asali", hawa uku ne, kuma a nan ake yi wa sabon shiga sakiyar da ba ruwa. Hawa na farko shi ne zanen da mai zane ya yi da hannunsa, galibi da fentin ruwa mai kauri a kan kwali. Guda ɗaya ne tak. Za ka ga rubutun fensir a gefe inda yake gaya wa maɗaba'a girman da za a yi, wani lokaci da wurin da aka shafe aka gyara. Akasarin irin waɗannan suna hannun hukuma. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Birtaniya da ke Kew tana riƙe da kusan 2,000 na Ma'aikatar Yaɗa Labarai, su kuma zane-zane huɗu na Norman Rockwell na 1943 a kan 'yanci huɗu suna gidan tarihinsa a Stockbridge, jihar Massachusetts. Jifa-jifa ɗaya kan fito kasuwa daga hannun magadan mai zane. Hawa na biyu shi ne bugun farko, wanda aka buga a lokacin yaƙin don a liƙa. Shi ne abin da yawancin masu tarawa ke nufi, kuma da yawa daga na Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu ba su wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Hawa na uku shi ne duk abin da aka sake bugawa daga baya, ko jiya ko shekara 50 da suka wuce.

Akwai waɗanda suka faɗa tsakanin hawa na farko da na biyu. A Mosko, daga 1941 zuwa 1945, kamfanin dillancin labarai na TASS ya tara masu zane da marubuta suna fitar da sabuwar fasta kusan kullum, sama da iri 1,200. Ba inji ke buga su ba. Ana huda kwali ne da siffar kowane launi, a ɗora a kan takarda, a shafa fenti da hannu, launi bayan launi. A 1997 ma'aikatan gidan zane-zane na Shikago suka ci karo da wasu ƙunshi a ɗakin ajiya, suka buɗe, sai ga guda 157 da aka aiko musu tun lokacin yaƙi aka manta da su.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana ne a kan tara fastocin zamanin yaƙi. Yanzu a ce ga takarda an shimfiɗa maka a tebur, mai ita yana rantsuwa ta asali ce. Me za ka duba?

Fara da gefen ƙasa. Fastocin gwamnatin Amurka na yaƙi na biyu suna ɗauke da sunan maɗaba'ar gwamnati, da shekara, da wata doguwar lamba, sau da yawa har da lambar da ofishin labaran yaƙi, wanda aka kafa a 1942, ya ba fastar. Na Birtaniya sukan ce an buga wa ofishin takardun Sarki, sannan sunan kamfanin da ya buga, irin su Fosh & Cross ko J. Weiner. In ka ga sunan wani gidan tarihi a wurin, ko adireshin intanet, magana ta ƙare. In kuma an yanke gefen ƙasan gaba ɗaya, ka tambayi kanka dalili.

Sai awo. Kowace fasta tana da girman da aka san ta da shi. Na Birtaniya da yawa inci 20 ne da 30, dattijon Flagg kuwa wajen inci 30 da 40. Masu sake bugawa sukan rage girma don ya dace da firam ɗin kanti.

Sai ninki. Wannan yakan ba sabon shiga mamaki: fastocin Amurka na yaƙi na biyu a ninke suka fito daga maɗaba'a, don ta gidan waya ake aika su. Layin ninki a jikinsu ba aibi ba ne, shaida ce. Amma ka sa yatsa ka shafa, ka kuma juya bayan takardar. Mai jabu yakan ɗauki hoton ta asali har da ninkinta, sai ka ga layin da ido, amma takardar sumul take, ba ta taɓa lanƙwasa a wurin ba.

Sai ka ɗauko gilashin ƙara girma ka ɗora a kan baƙin rubutu. A bugun asali harafin cike yake da tawada, bakinsa a tsaye kamar an yanka. A kwafi kuwa sau da yawa za ka ga harafin ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo masu launi-launi. Sai dai a yi hattara, ɗigo a jikin hoton kansa ba ya nufin jabu, domin zuwa shekarun 1940 ana buga hotuna da ɗigo. Na yaƙin farko ne aka fi bugawa da dutse ko farantin ƙarfe, launi ɗaya bayan ɗaya, inda za ka ga launin a shimfiɗe.

Sai fitilar nan mai shuɗin haske da ake haska takardar kuɗi da ita. Tun wajen shekarun 1950 masu yin takarda suka fara zuba wani sinadari mai ƙara mata fari, wanda ke walƙiya a ƙarƙashin wannan fitila. Takardar 1917 ko 1943 ba ta yin haka. In ta yi walƙiya, sabuwa ce. In ba ta yi ba, ba shi ke nan ba, a ci gaba da bincike. Kada kuma jan da takarda ta yi ya ruɗe ka. Ana jiƙa sabuwa da ruwan shayi ta yi kamar ta tsufa, kuma kwafin da aka buga a shekarun 1960, lokacin da matasan Landan suka mai da hoton Kitchener abin ado, su ma yanzu sun tsufa da gaske.

Bayan takarda sai tarihin hannuwan da ta bi. Labarin Hans Sachs ya isa misali. Likitan haƙori ne Bayahude a Balin, ya tara fastoci kusan 12,500, na talla da na wasan kwaikwayo da na siyasa da na yaƙi. A 1938 'yan Nazi suka ƙwace su bisa umarnin ministansu na farfaganda, Goebbels, shi kuma ya tsere Amurka, ya rasu a 1974 ba tare da ya sake riƙe su ba. Wani kaso ya tsira a Jamus ta Gabas, ya ƙare a Gidan Tarihin Jamus da ke Balin. Ɗansa Peter ya shiga kotu, a Maris na 2012 babbar kotun tarayya ta ce a mayar wa iyalin sama da guda 4,000. Gidan tarihi sukutum aka karɓe wa kaya, balle ɗan kasuwa. Ka tambayi mai sayarwa inda ya samo, ka karɓi rasit mai bayanin abin da ya ce ya sayar maka.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu. Kakanninmu sun yi Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun fafata da Japanawa a Bama, kuma Hausa ce harshen bariki a sojan Najeriya na lokacin. Sunayen barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi zuwa Masar, ana kuma matsa wa talaka ya ƙara gyaɗa, a tilasta masa haƙar kuza a Jos. Birtaniya ta buga fastoci game da ƙasashen da take mulka, akwai jerin da ke kiran su abokan yaƙi, ɗaya a ciki na ɗauke da sojan Afirka ta Yamma. Gidan tarihin yaƙi na Landan, wanda aka kafa a 1917, yana da irin waɗannan, ana iya ganin da yawa a shafinsa na intanet. In ka kalle su za ka ga soja tsaf cikin kaki. Ba za ka ga ɗan aikin tilas na Jos ba. Farfaganda ce, kuma da wannan idon ya kamata a karanta ta, haka ma na Amurka da ke zana Japanawa da siffar wulaƙanci, da na 'yan Nazi masu cusa ƙiyayyar Yahudawa, waɗanda dokar Jamus ta taƙaita baje alamominsu a bainar jama'a.

Shawarata ga mai sha'awa a nan gida, kafin ya aika kuɗi waje, ya buɗe adakar kakansa tsohon soja. Takardar sallama, lambar yabo ta Bama, hoto, ko wani shafi na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 kuma ta riƙa kawo labarin yaƙin, duk kayan tarihi ne da ba sai ka yi shakkar asalinsu ba.

In Allah ya sa ka samu, saura riƙo, kuma yanayinmu ba ya tausayin takarda. Da damina danshi ya kawo fumfuna, da hunturu ta bushe ta riƙa karyewa, ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera. Takardar lokacin yaƙi kuma da cutarta a jikinta, domin itacen da aka yi ta da shi yana da tsami mai cin ta a hankali. A ajiye ta a kwance, a shimfiɗe, tsakanin takardu marasa tsami, nesa da ƙasa da bangon da ke tsatsafo. In za a rataye, kada ta fuskanci taga, don rana na shanye launi, ja ne ma kan fara tafiya, kuma ba ya dawowa. Kada takardar ta manne da gilashin firam.

Abu biyu ne nake roƙo kada a yi. Kada a liƙe yagewa da salatif, don gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa. Kada kuma a kai ta shagon kwamfuta a yi mata laminatin. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne: roba ta manne da zafi, ba a iya ɓare ta, kuma daga ranar babu ɗan gwanjon da zai kalle ta. Yadda ƙwararru ke yi shi ne, su wanke takardar a hankali don rage tsamin, su ɗaure yadin auduga mai kauri a kan katako, su manna masa takarda marar tsami, sannan su shimfiɗa fastar a kai da kunun sitacin alkama. Sun zaɓi sitaci ne saboda ana iya jiƙa shi a raba su ba tare da ɓarna ba, ko bayan shekaru. Idan kuma sun cike wani gurbi da fenti, wajibi ne a faɗa wa mai saye, domin dillalai na ba fasta daraja ta A ko B ko C gwargwadon lafiyarta da yawan gyaran da ta sha, kuma farashi na bin wannan darajar.